Karen Farautar Barewa: Gudu, Hanci Ko Biyayya?

A ƙasar Sikotland akwai wani dogon kare mai kaushin gashi, launin toka, da ake kira Deerhound. Namijinsa yakan kai santimita 76 daga ƙasa zuwa kafaɗa, wani ma ya wuce, nauyinsa kuwa ya kai kilo 45. Shekaru aru-aru shugabannin dangogin tsaunukan ƙasar suna sakin irinsa biyu-biyu a kan jar barewa, ya bi ta da gudu a fili har ya cim mata ya kayar. Yau duk wanda ya saki wannan kare a kan barewa a Sikotland ya karya doka, domin tun 1959 dokar ƙasar ta hana kashe barewa ta kowace hanya in ba harbi ba. Karen da aka yi kiwon irinsa domin wannan aiki kaɗai ya koma karen gida, sai kuma zuwa gasar nuna kyau. Saboda haka mai tambayar wane kare ya fi dacewa da farautar barewa, gara a fara mayar masa da tambayoyi: wace barewa, a wane irin daji, ƙarƙashin wace doka, kuma me yake so karen ya yi masa wanda bindigarsa ba za ta iya ba?

Barewar da ake magana a kanta ba irin tamu ta Sahel ba ce. Wadda ake nufi ita ce wadda namijinta ke fitar da ƙaho mai rassa, ya zubar da shi duk shekara, wani sabo ya tsiro. Afirka kusan ba ta da ita, in ban da ragowar jar barewa a dazuzzukan tsaunukan Atlas, a Aljeriya da Tunisiya da Maroko. Kuma iri-iri ce. Akwai ƙaramar barewar Turai wadda da ƙyar take wuce kilo 30. Akwai mai farar wutsiya ta Amurka, wadda babban namijinta kan haura kilo 100. Jar barewa a dazuzzukan tsakiyar Turai takan kai kilo 200, sambar ta Asiya ta fi haka, sannan ga babbarsu duka, mus ta ƙasashen ƙanƙara, wadda ke iya kai rabin tan. Kowace da yadda take gudu da yadda take ɓuya, kuma karen da ya iya da ɗaya sau da yawa ɓarna yake yi a kan ɗaya.

Mafi daɗewa a cikin ayyukan kare shi ne kamu da gudu. Mai wannan aiki da ido yake farauta: dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, matsattsen ciki, siririn kai. Wannan siffa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Karen Azawak na Buzaye, wanda ya ci sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, haka yake, nauyinsa kilo 15 zuwa 25 kawai, amma yana kama zomo da barewar rairayi. Haka Sulugi na Arewacin Afirka da Saluki na ƙasashen Larabawa. Dukkansu abu ɗaya suke buƙata, fili. Da zarar dabba ta faɗa duhuwa, aikin ido ya ƙare.

Deerhound ya fara shiga uku ne bayan yaƙin Culloden na 1746, lokacin da aka karya ƙarfin shugabannin dangogi, masu kiwonsa suka watse. Wasu 'yan'uwa biyu, Archibald da Duncan McNeill, su suka ceto irin a wajen shekarun 1820 zuwa 1830. Amma sun ceto karen ne, aikin ya riga ya kama hanyar mutuwa. Bindigogi masu cin dogon zango sun shigo. An yanyanka filayen farauta ana ba attajiran Ingila haya, kuma karen da ya kori barewa ɗaya yakan tarwatsa garken gaba ɗaya zuwa filin maƙwabci. Sai mai laɓe da madubin hangen nesa da harsashi ɗaya ya maye gurbinsa. Tun daga nan gudu ya daina zama abin da ake sayen kare dominsa, ko da yake har yau mafarauta da yawa ba su yarda da hakan a zuciyarsu ba. Harsashi ya fi kowane kare gudu. Abin da harsashi bai iya ba shi ne gano inda dabba take, da tayar da ita daga maɓoya, da bin sawunta in an harbe ta ba ta faɗi ba. Duka ukun aikin hanci ne, kuma a nan kare ya yi wa ɗan Adam fintinkau: ƙwayoyin jin wari a hancinsa sun haura miliyan 200, namu kuwa ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba.

A Faransa har yanzu ana irin farautar sarakunan da, ta mahaya dawaki da masu busa ƙaho da rundunar karnuka talatin ko arba'in a kan namijin barewa guda. Gaston Phébus, mai sarautar Foix, ya rubuta littafinsa na farauta tsakanin 1387 da 1389, kuma tsarin da ya bayyana bai canza sosai ba. Ƙungiyoyin da ke wannan farauta a ƙasar sun kusa 400, ko da yake mafi yawansu wasu dabbobin suke bi, kamar zomo da aladen daji da ƙaramar barewa. Karnukansu, irin su Poitevin da Anglo-Français, manya ne masu juriya, amma abin da ake yaba musu ba juriyar ba ce. Tsohon namijin barewa makiri ne. In ya ji an matsa masa sai ya kutsa cikin garke, ya tayar da wani matashi ya kwanta a gurbinsa, ko ya koma ta kan sawunsa, ko ya bi ta cikin rafi don warinsa ya ɓace. Karen da ke riƙe warin dabbar da aka fara da ita, ya ƙi bin sabon sawu komai ɗuminsa, shi ne mai daraja a cikin runduna. Wannan baiwa a riƙe ta, za ta sake fitowa a gaba. Amma farautar kanta ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana son ma'aikata da dawaki da daji mai dubban hekta.

Kuma akwai abin dubawa a kanta. A Ingila, inda a da ake irinta a yankin Exmoor, hukumar National Trust ta sa Farfesa Patrick Bateson na Jami'ar Kambirij ya yi bincike. Rahotonsa na 1997 ya nuna cewa ana bin barewa kimanin awa uku, tafiyar kusan kilomita 19, kuma kafin a kai ƙarshe ƙarfinta ya ƙare tas, tsokarta ta lalace. Jar barewa ba a halicce ta don doguwar tsere ba. Kyarkeci ma, wanda shi ne abokin gabarta na asali, gajeren bi yake yi mata. Hukumar ta hana farautar a filayenta nan take, sannan dokar 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta hana farautar dabbobin daji da runduna a Ingila da Weyils, sai dai a yi amfani da kare biyu kacal a tayar da dabba zuwa bakin bindiga. Jamus ta riga su hanawa tun shekarun 1930. Masu goyon bayan al'adar suna da hujjojinsu, na tarihi da na zumuncin karkara, amma ni dai ban ga yadda za a gamsar da mutumin da aka koya masa kyautata yanka cewa wahalar awa uku ba komai ba ce.

Inda muhawarar zaɓen kare ta fi zafi a yau shi ne kudu maso gabashin Amurka. Jihohi tara ne a can suka halatta korar barewa da karnuka, a dukkan jihar ko a wani sashenta: Bajiniya, Karolina ta Arewa da ta Kudu, Jojiya, Filorida, Alabama, Misisipi, Luwiziyana da Akansa. Dalilin da ya sa ta yi saiwa a can a bayyane yake. Ƙasa ce ta fadamu da surƙuƙi, inda mutum ba ya ganin abin da ke taki goma a gabansa. Sai a jera maharba a bakin hanyoyi da mashigai, wasu kuma su shiga da karnuka ta ɗaya gefen su koro. Karen da ya fi suna a wannan aiki shi ne Walker, mai launi uku, dogo, mai ƙarar murya. Asalinsa Kentaki, daga karnukan farautar yanyawa na John W. Walker da George Washington Maupin. Masu kiwon irin suna ba da labari cewa a 1852 wani mai fataucin dabbobi, Tom Harris, ya sace wani baƙin kare a Tenesi yana tsakiyar korar barewa, ya sayar wa Maupin. Wannan kare, da aka sa wa suna Tennessee Lead, shi ya zuba wa irin gudu da naci.

Gudun da nacin su ne matsalar yanzu. Barewa mai farar wutsiya, in kare mai sauri ya taso ta, miƙewa take yi ɗoɗar, ta yi kilomitoci ba ta waiwaya ba. A zamanin da daji ke hannun manyan kamfanonin katako, kuma maƙwabci ɗan'uwa ne, ba wanda ya damu. Yanzu an yanka filaye ƙanana, mutanen birni sun saya sun kafa alamun hana shiga, wasu kuma suna zaune shiru a kan bishiya tun asuba suna jiran barewa, sai ga karnukan wasu sun ratso sun ɓata musu yini. Kare bai iya karatu ba. Tekzas ta hana korar barewa da karnuka a 1990. Jojiya ta kafa doka a 2003 cewa sai da lasisi, kuma filin haya sai ya kai eka 1,000 a haɗe, wato hekta 400 da 'yan kai. A Bajiniya, inda ake yin ta gabas da tsaunukan Blue Ridge, akwai dokar da ta ba mai kare damar shiga filin wani ya ɗauko karensa muddin bai shiga da makami ba, kuma shekara da shekaru ana tafka rigima a kanta tsakanin masu filaye da masu karnuka.

An ƙirƙiro abin wuya mai aiki da tauraron ɗan Adam, irin na kamfanin Garmin, wanda ke nuna wa mai kare inda karensa yake a kan allo, wani ma har ya yi masa ƙara ko girgiza a wuya don ya juyo. Ya taimaka ƙwarai. Amma na'ura tana gaya maka karenka ya tsallaka iyaka ne, ba ta hana shi tsallakawa in ba a hore shi ya amsa kira ba. Wanda ya sayi Walker yana da ɗan ƙaramin fili, sannan ya zo yana kukan karensa ba ya tsayawa, shi ne wanda ya sayi rariya yana mamakin tana zubar da ruwa. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma ga Beagle, gajeren kare da bai wuce santimita 40 ba, ko ruwa biyu tsakaninsa da Walker. Akwai kuma Plott, zuriyar karnukan da Johannes Plott ya zo da su daga Jamus a 1750, wanda Karolina ta Arewa ta ɗauka a matsayin karen jiha a 1989. Jarumi ne, amma jarumtarsa ta beyar da aladen daji ce. A kan barewa ta yi yawa.

Mutanen Suwidin sun daɗe da gane abin da Amurkawa ke ganewa yanzu. Karensu na ƙaramar barewa shi ne Drever, wanda aka kawo kakanninsa daga yankin Westfaliya na Jamus a wajen 1910, aka raɗa masa wannan suna a 1947. Dogon jiki ne da shi da gajerun ƙafafu, tsayinsa tsakanin santimita 30 da 38. Ko ya so ba zai iya cim ma barewa ba, kuma amfaninsa ke nan. Barewar da ta ji haushi a bayanta can nesa, yana tahowa a hankali, ba ta firgita. Sai ta yi ɗan sassarfa, ta tsaya ta saurara, ta sake gaba, tana kewaya yankin da ta sani maimakon ta bar shi. Maharbin da ya san mashiganta sai ya tsaya ya jira. In ta iso, tafiya take yi, ba tashi sama ba, don haka yana da lokacin ganin namiji ne ko mace mai ɗa, kuma harbinsa ya fi samun wurin kisa. Naman ma ya fi kyau. Dabbar da aka gajiyar da gudu kafin a kashe ta, namanta kan yi duhu, kuma ba ya jimawa yake lalacewa.

A nan murya ta shigo. Wanda bai san farauta ba zai ɗauka karen da ke bin sawu shiru ya fi wayo. A wajen kora, shi ne mafi muni, domin barewa ba ta san inda yake ba sai ya faɗo mata, sai ta zabura da iyakar gudunta. Maharban Jamus suna gwada ƙananan karnukansu a kan sawun zomo don su ji ko suna haushi a kan wari tun ba su ga dabbar ba, kuma mai bi shiru ba a maraba da shi a farautar kora. Jihar Biktoriya ta Ostireliya, inda ake bin sambar da aka shigo da ita daga Asiya a shekarun 1860, ta sa wannan tunani cikin doka: iri uku kawai aka yarda a saka wa sambar, Beagle da Bloodhound da Harrier, sai an yi musu rajista, kuma an ƙayyade yawan da za a saka a lokaci guda.

Akwai wasu ayyuka biyu da ba sai an daɗe a kansu ba. A Norwe da Suwidin, karen mus irin su Elkhound da Jämthund yakan nemo dabbar shiru, sannan ya tsaya a gabanta yana haushi yana zillo, ya ɗauke mata hankali har maharbi ya laɓaɓo. A Niyu Zilan da Birtaniya kuma mai farautar laɓe yakan tafi da kare a gefen ƙafarsa, Labrador ko Vizsla ko makamancinsu, wanda aikinsa kawai ya ɗaga hanci ya ƙame in iska ta kawo masa warin barewa. Wannan kare in ya yi haushi sau ɗaya, ko ya zabura, farautar ranar ta tashi.

Aikin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda ba a cika yi masa kirari ba, wato bin sawun dabbar da aka raunata. Kowane maharbi, komai ƙwarewarsa, wata rana zai yi harbin da bai kashe nan take ba. Barewar da harsashi ya ratsa cikinta tana iya tafiyar kilomita, ta kwanta a cikin sarƙaƙiya, ta yi awoyi tana fama kafin ta mutu, jinin da ta zubar a hanya kuwa bai taka kara ya karya ba. Ido ba zai same ta ba. Jamusawa sun mayar da wannan aiki sana'a mai zaman kanta. Suna da iri biyu da aka keɓe masa: karen Hanoba, wanda aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1894, da ƙaninsa mai sauƙin jiki na tsaunukan Babariya, wanda tasa ƙungiyar ta kafu a Munik a 1912. Waɗannan ƙungiyoyi ba sa ba kowa kwikwiyo. Sai ma'aikacin gandun daji ko maharbin da aka tabbatar zai sama wa karen aiki a kai a kai, domin a ganinsu irin wannan hanci in ba ya aiki lalacewa yake yi.

Jarrabawar da ake yi wa karnukan bin jini a Jamus ta isa misali. Ana shimfiɗa sawu mai tsawon mita 1,000 a daji da jinin da bai wuce rubu'in lita ba, da kwana-kwana a ciki, a bar shi ya yi awa 20, a mataki na sama kuma awa 40. Cikin dare barewa da aladen daji masu lafiya sun ratsa ta kansa sun bar sabon wari. Sai a kawo kare da doguwar igiya a wuya, a ce ya bi tsohon ya bar sababbin. Wani lokaci ma ba a zuba jini sosai, sai mai shimfiɗawa ya ɗaura kofaton barewa a wani takalmi na musamman ya taka. Dalili kuwa, tsakanin kofatan barewa akwai wata 'yar jaka mai fitar da wari, kuma gogaggen kare yana bambanta sawun dabba ɗaya daga na 'yan'uwanta ko babu ɗigon jini. Baiwar nan ce dai da Faransawa ke nema a rundunarsu, sai dai a nan ana amfani da ita ne don a gajarta wahala.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin gwanayen wannan aiki shi ne Dachshund, ɗan gajeren karen nan mai dogon baya da mutane ke yi wa dariya. Hancinsa a ƙasa yake tun fil azal, yana da naci, kuma ba ya jan mai riƙe da igiya ya kayar da shi a cikin ƙaya. John Jeanneney, malamin tarihi a wata jami'a a Niyu Yok wanda ya ga yadda ake wannan aiki a Turai, shi ya yaɗa shi a Amurka da irin wannan kare. Ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Deer Search a shekarun 1970, kuma a 1986 jihar ta halatta bin sawun barewa mai rauni da kare a igiya. Yau mafi yawan jihohin Amurka sun yarda da shi, har da waɗanda suka haramta kora. Norwe ta wuce nan: ba a ba ka damar farautar mus ko jar barewa ko ƙaramar barewa sai kana da yarjejeniya da mai karen bin sawu da aka amince da shi. A Suwidin doka ta ce karen ya iya isowa wurin da aka yi harbi cikin awa biyu. A Denmak akwai rajistar masu irin waɗannan karnuka da ake kira ko da mota ce ta buge barewa a hanya. To, aikin da wasu ƙasashe ke hanawa daban, wanda suke wajabtawa daban, kuma mai neman kare ya kamata ya lura da wanne ne ke da gobe.

Dachshund ma yana da iyakarsa. Ruwa mai zurfi da dogon tudu suna ba shi wuya, bayansa kan samu ciwo, kuma ba zai iya tsare babban namijin da ya tashi da rauni ba. A kudancin Tekzas, ƙasar ƙaya da macizai, sun fi son Lacy da ire-irensa, masu ƙarfin da za su cim ma dabbar su tsare ta. Bloodhound kuwa, wanda ake danganta asalinsa da gidan ibadar Saint-Hubert a Beljiyam, babu mai ja da hancinsa, amma kare ne mai kilo 45 zuwa 50, mai yawan ci, mai saurin ciwon kunne da murɗewar ciki. Ba kowa zai iya da shi ba.

Ko kare ɗaya zai iya haɗa kora da bin jini? Jamusawa suna da karnukan komai-da-ruwanka irin su Drahthaar da Wachtelhund, kuma suna yin aiki mai kyau a sawun da bai yi wuya ba. Amma karen da ya ɗanɗani daɗin korar lafiyayyar barewa, da wuya ya haƙura da tsohon sawu mai sanyi in sabo ya gitta masa. Mai son gwani a ɗaya sai ya haƙura da ɗayan.

Musulmin da ke farauta a waɗannan ƙasashe yana da ƙarin abin lura, kuma abin sha'awa ne yadda fiƙihu ya zo daidai da inda gogewar maharba ta kai su. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kama, kuma da malamai suka zo bayanin horarren kare, ba su yi maganar tsayi ko gudu ba. Sun ce shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an kira shi ya amsa. A ambaci sunan Allah lokacin sakinsa. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa in an tarar da dabbar da rai a yanka ta, in kuma an tarar da wani baƙon kare tare da naka a kan gawar, ba a san wanda ya kashe ba, kada a ci. A kan karen da ya ci wani abu daga abin da ya kama, mazhabobi sun saɓa. Malikiyya sun sauƙaƙa, sauran sun tsananta. Duk wanda ya auna waɗannan sharuɗɗa zai ga cewa karen da ke ɓacewa da barewa ya yi kilomita biyar shi kaɗai matsala ne, wanda kuma ke kai ka ga dabba tun da sauran numfashinta alheri ne.

Mafarautanmu da ke fita da rani da ganguna da karnukan gida ba sa buƙatar kowa ya kawo musu kare daga Turai. Karen gida ya saba da zafi da kaska da ƙarancin ruwa, baƙon kare mai kaurin gashi kuwa rana ɗaya ta watan Afrilu ta ishe shi, balle a kai shi inda ƙudan tsando yake. Bambancin da ya fi wannan girma shi ne na yawan dabbar. A wajen 1900 barewa mai farar wutsiya ta ragu zuwa ƙasa da rabin miliyan a Amurka. Dokokin lokacin farauta da na hana sayar da naman daji da hana kora a jihohi da yawa suka dawo da ita, yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30, har tana ɓarna a gonaki da hanyoyi. Mu kuwa farar barewar Sahel da ake kira dama, 'yan ɗaruruwa suka rage a daji, mafi yawa a Cadi da Nijar, inda aka keɓe gandun Termit da Tin Tumma a 2012 don kare irinta. Amurkawa suna neman karen da zai taimaka a rage, mu abin da ya rage mana tsaro yake buƙata.

Wanda ya riga ya san aikin da yake so, sauran magana gajeriya ce. Ya ga uwar kwikwiyon da ubansa a daji suna aiki, kada ya tsaya ga takardar asali, domin iri ɗaya kan rabu gida biyu, na gasar kyau da na farauta, kuma sunansu ɗaya. Ya duba ko kwikwiyon yana razana da ƙara, ya duba tafin ƙafarsa, ya ga ko in an ja guntun fata ko hanta a ƙasa yana sa hanci ya bi ko kuwa ido yake ɗagawa. Horon bin sawu tun kare yana ɗan wata biyu zuwa uku ake fara shi da wasa, amsa kira kuma kafin komai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi masa allurar ciwon hauka da sauran rigakafi. Ya kuma yi lissafi da gaskiya: lokacin farauta 'yan watanni ne, a wasu wurare ma 'yan makonni, ciyarwa kuwa kullum ce har shekara goma ko sha biyu.

Ƙungiya mai babban daji a jihar da ta halatta kora, Beagle ko ruwa biyunsa ya fi mata kwanciyar hankali da maƙwabta a kan Walker. Mai farautar ƙaramar barewa a kurmi, Drever ko Dachshund. Amma mutum ɗaya mai bindiga ɗaya, wanda kare ɗaya kawai zai iya riƙewa, shawarata ya nemi mai bin sawun rauni, ya hore shi a igiya. Kuma kafin ya biya kuɗin kwikwiyo, ya je ofishin kula da namun daji na yankinsa ya karɓi dokar bana ya karanta, domin a wannan harka ta bara ba lallai ta yi aiki ba.